Daga Bakin Shago: Kuɗin makarantar da na biya a Caina

Makon jiya wani matashi mai bin wannan fili daga Zangon Lome ya aiko mini da saƙo. Ya ce ya haɗa ɗan jarinsa, biza ta fito, zai taka ƙasar Caina karo na farko, yana so in faɗa masa abin da zai kiyaye. Na kwana biyu ina juya tambayar nan a nan bakin shago. Da na zauna zan lissafa masa, sai na ga ashe kusan duk gargaɗin da zan yi masa, 'yan Cainan da kansu sun riga sun yi mini shi baki da baki, a cikin karin maganarsu. Ni ne dai kunnena bai ji ba sai da aljihuna ya ji. Su can in mutum ya tafka asara saboda rashin sani, cewa suke ya "jiao xuefei", wato ya biya kuɗin makaranta. To ni na biya, har aji biyu, kuma aji na biyun ba a Caina na yi shi ba, a nan Aboabo na yi shi, cikin gidanmu.

Bari in fara da inda muka fito, don a gane abin da ya sa muke faɗawa rami ɗaya. Kakan mahaifina bafataken goro ne, daga Kano ya riƙa bin ayari zuwa Gwanja. Bayan yaƙin Salaga na 1892 da Hausawa suka watse, zuriyarsa ta gangaro har ta zauna Kumasi. A tsarinsu na da, baƙo in ya iso gari gidan maigida yake sauka. Maigida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, in bashi za a ba da shi ne zai tsaya. Dillali ya ci la'adarsa, kowa ya kama gabansa. Ba takarda, ba sa hannu. Sunan mutum shi ne takardarsa, domin in ka ci amana a Kumasi, kafin ka isa Kano labarinka ya riga ka. Da wannan tarbiyya muka tashi. Kakanninmu suka yi Gwanja, mu kuma muka yi Gwanzo, amma muka ɗauki halin Gwanja muka tafi da shi inda babu maigidan da zai tsaya mana, babu kuma wanda ya san sunan ubanmu.

A 2012 na fara zuwa, ta Adis Ababa. Wanda ya taɓa sauka unguwar Shawbei a Gwanzo ya san abin da nake nufi: ga 'yan Mali, ga 'yan Gini, ga 'yan Nijar, ga mutanen Kano, ka shiga dogon benen nan na Tianxiu ka ji Hausa tana tashi kamar kana Alabar. Ciniki kuwa da kalkuleta ake yi, kai ka danna, shi ya goge ya danna nasa. Wani farfesa ɗan ƙasar nan Gana, Adams Bodomo, wanda ya yi bincike kan 'yan Afirka mazauna Caina, har suna ya ba wa wannan magana ta kalkuleta. Sai dai kalkuleta farashi kawai take faɗa. Ba ta faɗar nauyin kaya, ba ta faɗar abin da ke cikinsa.

Ni kwaɗo da sauran kayan ƙarfe nake sayarwa, don haka daga Gwanzo na wuce Iwu, a lardin Zhejiang, inda babbar kasuwar Futian take. A sashe na biyu ake samun makullai, kuma da yawansu daga Pujiang ake kawo su, wata gunduma da ke kusa wadda ta yi suna wajen ƙera kwaɗo. Tafintana wani yaro ne ɗan Damagaram da ya yi karatu a can ya zauna yana aikin ejan. Muka tsaya shagon wata mata, na ɗauki kwaɗo mai lamba 50, na ji nauyinsa a hannu, na murɗa makulli, ya buɗe tas. Ta danna mini yuwan 48 dozin. Ni kuwa ɗan Kejetia, ina ji da kaina wajen taya kaya, na danna 30. Muka yi ta ja, in tashi in dawo, har muka tsaya a 36. Da za ta rubuta oda sai ta dube ni ta yi murmushi ta ce wata magana gajeriya. Na ce wa yaron, me ta ce? Ya ce, "Alhaji, karin magana ce. Ta ce yi fen qian, yi fen huo. Kwabo ɗaya, kayan kwabo ɗaya." Na yi dariya na ce ai mu ma muna da ita, araha ba ta ado. Na biya kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari, na kama hanyar gida ina ganin na ci kasuwa.

(Ga mai son ya gwada faɗa: a rubutunsu na boko, q kamar c ɗinmu take, x kamar sh, zh kuma kamar j. Wato "qian", kuɗi, kusan "ciyan" za ka ce. Fen kuwa shi ne ɗaya cikin ɗari na yuwan, kamar fesuwa a sidi. Kuma a yi hankali, harshensu ma yana da karin sauti kamar namu. Kalmar "mai" in ka lanƙwasa murya saye take nufi, in ka sauke ta da ƙarfi sayarwa take nufi. Na taɓa ganin wani yana ta cewa zai sayar, alhali saye ya je yi.)

Bayan wata uku kaya suka sauka Tema, na biya fito, aka kawo Kumasi. A ido kwaɗon nan babu abin da ya raba shi da wanda na gani: fenti ɗaya, tambari ɗaya, kwali ɗaya. Masu sari daga Tamale da Bawku suka kwasa. Ba a yi wata biyu ba aka fara dawo mini da shi. Wani tsohon abokin cinikina ya zo ya zube guda goma a kan tebur, ya ɗauki makulli ɗaya ya buɗe huɗu daga ciki a gabana, bai ce komai ba. Na fasa ɗaya da guduma. Zuciyar da na gani a Iwu tagulla ce, wannan kuwa farin ƙarfe ne mara nauyi aka shafa masa ruwan tagulla. Na ɗora a sikeli, ya gaza wanda na riƙe a can nesa ba kusa ba, sai dai ba ni da shaida, don ban taho da samfur ba, ban kuma rubuta nauyi ba. Damina ɗaya ta Kumasi ta ishe shi tsatsa. Na kira yaron Damagaram ina faɗa, ya je ya same ta. Amsar da ta ba shi ita ce, kayan yuwan 48 na gani, kayan yuwan 36 na saya, kuma ta faɗa mini da bakinta.

Na daɗe ina jin haushin matar nan, kuma har yau ban wanke ta duka ba. Ɗan kasuwa na gari in zai rage inganci sai ya fito fili ya ce zan rage kaza da kaza, ba ya ɓuya a bayan karin magana ba. Amma gaskiya ɗaya ce, sai da na yi shekaru ina zuwa kafin na gane bambancin cinikinmu da nasu. Mu a Kejetia kaya yana nan a ƙasa, an riga an yi shi, in ka taya ka rage, ribar mai kaya ka rage. A Iwu kuwa abin da ke shago samfur ne kawai, kayanka ba a ƙera shi ba tukuna. In ka matse farashi, ba za a ce maka a'a ba, za a koma masana'anta a ƙera maka daidai kuɗinka. A rage kaurin ƙarfe, a sauya zuciya, a rage yawan makullai masu bambanci. Duk abin da ka danne a kalkuleta, daga jikin kayanka za a cire shi. Mu muna faɗar araha ba ta ado muna nufin nasiha. Su in sun ce yi fen qian yi fen huo, sanarwa ce suke ba ka.

Akwai wata kalma da za ka ji ta fi sau ɗari a rana, "chabuduo", wato kusan ɗaya ne, bambancin ba yawa. Ka ce shuɗin nan bai kai wanda na zaɓa ba, a ce chabuduo. Ka ce awon ya gaza, a ce chabuduo. Kada ka ɗauka mu baƙi kaɗai abin yake damu. Wani babban malaminsu, Hu Shi, kusan shekara ɗari da suka wuce ya rubuta ɗan labari yana yi wa mutanensa ba'a a kan wannan hali, labarin wani Malam Chabuduo da ya kwanta ciwo, aka rasa likitan mutane aka kawo masa likitan shanu mai suna irin nasa, ya yarda don ai kusan ɗaya ne, ya mutu. Ƙanwar wannan kalma ita ce "mei wenti", ba matsala. Mu ma dai kada mu yi musu dariya da yawa, ba matsala ɗinmu da in sha Allahu ɗin tela ranar jajibirin Salla sun kashe auren mutane da dama.

Maganin waɗannan ma a bakinsu na ji shi. Suna cewa "kou shuo wu ping", maganar baki ba hujja ba ce. Tun daga kwaɗon nan, ba na barin shago sai da samfur biyu, in sa hannu a jikinsu da alƙalamin da ba ya gogewa, mai kaya ma ya sa, ɗaya wurinsa ɗaya a jakata. Ina yawo da ƙaramin sikeli. A rubuta a takardar oda giram nawa, zuciyar tagulla ce ko mece ce, guda nawa a kwali, kwali nawa, ranar da za a gama. Cikon kashi 70 kuma ba ya fita sai ni ko wakilina mun je sito mun buɗe kwali, ba na bakin ƙofa da aka jera mana ba, na tsakiya da na can ƙurya. Abin mamaki, ban taɓa ganin ɗan Caina ya ji haushin wannan ba. Sai ma ya ƙara girmama ka, ya san ya haɗu da wanda ya san hannunsa. Mu ne muke ganin in ka ce a rubuta kamar ka zargi mutum.

Suna kuma cewa "huo bi san jia", a gwada kaya a gida uku. Wannan ba sai na tsaya dogon bayani ba, duk wadda ta taɓa sayen tumatir ta san shi. Abin da zan ƙara kawai, kada gida ukun nan su zama waɗanda ejan ɗinka ya kai ka, don wataƙila duk ukun yana da la'ada a ciki. Ka ware rana guda ka yi yawo kai kaɗai da kalkuletarka. Wanda tafiyarsa ta dace da baje kolin Kanton, wanda ake yi a Gwanzo tun 1957, sau biyu a shekara, wajen Afrilu da wajen Oktoba, ya shiga ko ba zai sayi komai ba, don ya ga masu masana'anta ido da ido ya san asalin farashi.

Karin maganarsu iri biyu ce. Akwai ta kasuwa da titi irin waɗanda na kawo, akwai kuma ta masu ilimi da suke kira chengyu, yawanci kalma huɗu, da yawansu da tsohon labari a bayansu. Wadda ta fi zauna mini ita ce "shou zhu dai tu", gadin kututture ana jiran zomo. Labarin yana cikin rubutun wani masaninsu Han Fei, wanda ya rasu shekara 233 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Wai wani manomi yana gona sai zomo ya sheƙo a guje ya yi karo da kututture ya karye wuya. Manomi ya ci nama a banza. Washegari sai ya ajiye fartanya ya zauna gindin kututture yana jiran wani zomon, gona ta zama daji, ya zama abin dariya. Duk lokacin da na tuna labarin nan sai in tuna wani maƙwabcina a kasuwa. A 2010, lokacin da Black Stars suka kai wasan kusa da na kusa da na ƙarshe a Afirka ta Kudu, kafin Suwarez ya sa hannu ya tare mana ƙwallo, mutumin nan ya yi sa'a yana da tutoci da riguna da vuvuzela. Cikin sati uku ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba. Da 2014 ta zo sai ya kwashe jarinsa duka, ya ƙara da bashi, ya cika sito. Gana ta fito tun zagayen farko a Barazil da maki ɗaya. Har shekaru bayan nan in yara sun zo wucewa sai ya ba su tuta kyauta. Ba kullum ake kwana a gado ba, amma wanda zomo ya taɓa faɗo wa da wuya ya yarda.

To yanzu ga aji na biyu, wanda ya fi ci mini rai, kuma sai da na nemi izinin wanda abin ya shafa kafin na rubuta.

Wata rana a Iwu ina zaune a wani shago na 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙanen ya ɗauki kwali biyu daga kayan wan don ya cika wa wani baƙo oda. A gabana ya zaro littafi ya rubuta, wan ya duba ya sa hannu. Na ce wa tafinta, kai, waɗannan ba su yarda da juna ba ne? Ya tambaye su, suka yi dariya, wan ya ce "qin xiongdi, ming suanzhang". 'Yan'uwan ciki ɗaya, lissafi a fili. Na ce a raina, Allah ya kiyaye, wannan ai rashin zumunci ne, mu Musulmi ba ma haka. Ka ji fa jahilci.

A watan Janairun 2022 ƙanena, wanda nake bi wa nono, ya zo mini da dare. Kayansa sun iso Tema, kuɗin fito ya gaza, kullum kuɗin ajiya yana hawa. Ya ce, "Yaya, ka rufa mini asiri." Lokacin Caina a rufe take saboda korona, ba mai zuwa, ta WeChat muke oda, ejan ya duba mana kaya. Ina da sidi 25,000 da na ware zan canza in aika cikon wata oda, a lokacin dala tana wajen sidi 6 da 'yan kai. Na ɗauko na ba shi, na ce, "Ka ga kuɗin nan, dala 4,000 ne na mutanen Caina." Ya ce, "Na ji, Yaya, Allah ya bar zumunci." Daga ni sai shi sai Allah. Ban rubuta ba, ban kira kowa ba. Ina zan ce wa ɗan'uwana ya sa hannu?

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ya sami sidi a shekarar nan. Kafin Nuwamba dala ta haura sidi 13 a banki, a wurin 'yan canji ta fi haka. A cikin watan ne ya zo mini da fara'arsa, ya ajiye sidi 25,000 cif, ya yi godiya. Na ƙirga na dube shi na ce, saura fa? Ya ce, saura me? Na ce dala 4,000 na ba ka, wannan ko 1,800 ba zai saya ba. Ya ce, "Yaya, sidi ka ba ni, sidi na kawo." Wallahi a daren nan kowannenmu ya yi imani shi ne mai gaskiya, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Ni na faɗi dala ina nufin sharaɗi, shi ya ji dala a matsayin labari.

Abin da ya biyo baya shi ne abin kunyar. Magana ta fita daga shago ta shiga cikin gida. Matata da matarsa, waɗanda suke girkin suna tare, suka koma gaisuwa daga nesa. Yaransa da suke kwana ɗakina suka daina zuwa. A masallaci in na tsaya sahun dama sai ya koma hagu. Azumi ya zo ya wuce ba mu sha ruwa tare ba ko sau ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba tun muna yara. Wata bakwai muna haka. Ranar Salla da muka je gaida mahaifiyarmu, kowa da lokacinsa, sai ta riƙe ni ta aika a kira shi. Ta ce, "Ni ban san dala ba, ban san sidi ba. Na san dai ciki ɗaya na ɗauke ku. In kun ga dama ku jira sai an ɗauki gawata ku haɗu a maƙabarta." Na ce, "Mma, ki yi haƙuri." Ta ce ba haƙurinta za mu nema ba, mu tashi mu je wurin malam.

Muka je wurin limamin unguwarmu bayan la'asar. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya tambaye ni, "Alhaji, da hannunka me ka miƙa masa?" Na ce sidi. Ya ce to bashinka sidi ne. Rance da irin abin da aka karɓa ake biyansa, in da dala kake so, sai ka canza ka miƙa masa dala, ku faɗa a fili. In ka tilasta masa ƙari yanzu, ka shiga wata ƙofar da ba ka so. Ya juya wurin ƙanena ya ce, kai kuma ka sani ɗan'uwanka ya cutu saboda ya taimake ka, kuma wanda ya kyautata wajen biya da son ransa, ba tare da an sharɗanta ba, ya bi sunna. Sai ya dube mu duka ya ce, ku 'yan kasuwa ne, kun sauke Alƙur'ani, wace aya ce ta fi kowace tsawo? Muka yi shiru. Ya ce aya ta 282 a Baƙara, kuma ba a kan salla ko azumi take ba, a kan bashi take, a rubuta shi, a kafa shaidu, babba ne ko ƙarami. Ina zaune a kan buzun nan sai 'yan'uwan nan biyu na Iwu suka faɗo mini a rai, da littafinsu, da dariyar da suka yi mini. Mutanen da na raina a kan ba su san zumunci ba, su suke aiki da abin da aka saukar mana, ni da na haddace shi ina yaro na bar shi a allo.

Shari'a dai ta ba ƙanena gaskiya, kuma ban ji daɗi ba a ranar, ba zan ɓoye ba. Bayan wata biyu ya zo da kansa da wani abu a ambulan, bai kai abin da na rasa ba, ban kuma ƙirga a gabansa ba. Da na ba wa wani dattijo labarin, sai ya ce ai wannan tsohon ciwo ne. A 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasa, dukiya mai yawa ta narke a zangon nan, domin mai bashi ya tafi, maigidan da ya tsaya ya tafi, shaidar kuma tana cikin kawunan da suka watse tsakanin Legas da Yamai da Kano. Tsarin amana yana aiki ne muddin kowa yana nan, kuma kuɗi yana nan yadda yake. Yau mutum yana Kumasi, kayansa na teku, ɗansa na Italiya, kuɗin kuma kafin wata shida ya zama rabi.

Kada kuma a ce na ce a daina taimakon ɗan'uwa. Bayan rigimar nan na yi kusan shekara ba na ba kowa rance, ko na sidi ɗari. 'Yan Caina suna da magana a kan irina: wanda maciji ya sara sau ɗaya, shekara goma yana tsoron igiyar rijiya. Ka ji kamar Bahaushe ne ya yi ta, mu da muke cewa in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma su ba yabo suke yi da ita ba, tsoron da ya wuce kima suke nunawa. Wadda ta fi dacewa ita ce "wang yang bu lao", tunkiya ta ɓata, a gyara garke, sauran da suka rage ai su ma dukiya ne. Yanzu akwai littafi mai baƙin bango a aljihun teburina. Duk wanda ya karɓi wani abu, ɗana ne ko surukina, a rubuta rana, da adadi, da irin kuɗin, sidi ko dala ko sefa, da ranar biya, shi ya sa hannu, yaron shago ya sa. Farkon wanda ya buɗe littafin ƙanen nan nawa ne, kuma shi ya ce a ƙara layin irin kuɗi. Ranar Juma'ar da ta wuce ma tare muka ci waake a nan bakin shago.

Saura kai ɗan Lome. Ka ce a watan Disamba za ka tashi. Ka sani sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu suna rufewa makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu, kuma kayan da aka yi cikin gaggawar kafin hutu sun fi kowanne yawan aibi. In odarka ba za ta kammala a duba ta kafin tsakiyar Janairu ba, gara ka bari sai sun dawo. Fasfo ɗinka kada ya rabu da jikinka, kada kuma ka bar biza ta ƙare maka ko da kwana ɗaya, don a Gwanzo ana tsayar da baƙar fata a tambaye shi takarda, kuma waɗanda suke can a Afrilun 2020, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal da sunan korona, ba su manta ba. Ranar Juma'a ka tambayi hanyar masallacin da ake danganta kabarinsa ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, a can za ka ga mutanenmu, ka samu wanda zai nuna maka inda ake cin halal. Ka kuma ce a cikin jarin naka akwai kuɗin yayarka da na wani abokinka. Kafin ka hau jirgi ka zaunar da su, da shaidu biyu, a rubuta nawa kowa ya sa, da wane kuɗi, riba kashi nawa, in an yi asara kuma wa zai ɗauki me. In yayarka ta ce haba, ni za ka rubuta wa takarda, ka ce mata wani tsoho a Aboabo ne ya sa ka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan yi magana a kan awon kwali da yadda ake lissafin wuri a kwantenar haɗaka, don na ga ana cutar sababbin shiga a nan ma.